Daga Gwanja Zuwa Gwanzu: Fatauci da Kyautata Zato a Zamanin Tsada

Laccar da aka gabatar ga taron 'yan kasuwa da manoma a Farin Dutse, ƙasar Gwaram

 

 Mas'alar da aka ɗora mini in yi bayani a kanta ita ce wadda kowane mai jari yake juyawa a ransa idan dare ya yi, wato ko har yanzu akwai fa'ida ga mutum ya ɗauki dukiyarsa, ko dukiyar mutane, ya ƙetare iyaka neman halali, alhali kuwa naira ba ta kwana inda ta wuni. In kuwa akwai, to daga ina zai samo ƙarfin zuciyar da zai fita da shi.

Ya kamata mu fara da faɗin gaskiyar abin da ya auku, domin wanda yake son ya ƙarfafa wa mutane gwiwa ta hanyar ɓoye musu girman musiba, lalle ya ha'ince su. A watan Agusta na 2019 gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa na tudu, ba a sake buɗe Maigatari da Illela ba sai a Disamba ta 2020, kuma a tsakanin nan annobar korona ta tsai da jiragen sama na duniya. Daga ƙarshen 2022 har tsakiyar 2024 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta daina bai wa 'yan Nijeriya biza, Dubai ta zama sai labari ga mutanen da suka saba zuwa sari sau uku sau huɗu a shekara. A farkon 2023 aka yi canjin kuɗi, mutum yana da dukiya a banki amma ba shi da abin sayen koko. Ran 29 ga Mayu na 2023 aka janye tallafin mai, a watan Yuni aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, a watan Yuli aka yi juyin mulki a Nijar aka sake rufe iyaka har Maris na 2024. Zuwa wannan lokaci dala, wadda 'yan canji suke sayarwa wajen naira 750 kafin a saki naira, ta haura 1,500.

Ku dubi abin da wannan yake nufi a aljihun mutum guda. A ƙaddara wani ya canza naira miliyan 7 da rabi ya sami dala 10,000, ya tafi Sin ya saro kaya, kayan suka yi watanni a ruwa da hannun kwastan, suka iso, ya sayar da su naira miliyan 9, ya buga lissafi ya ga ribar miliyan ɗaya da rabi, har ya yi sadaka ya ɗinka wa iyali. Ranar da ya koma Wapa zai sake canji, ko da a ce bai taɓa ko kwabo daga miliyan 9 ɗin ba, dala 6,000 za a ƙirga masa. Wannan bawan Allah bai yi caca ba, bai yi almubazzaranci ba, ba a yi masa fashi ba, amma kashi 40 cikin 100 na jarinsa ya tafi yana tsammanin riba ya ci. Irin wannan hasara ce ta karya mutane da yawa a Kantin Kwari da Singa, kuma ita ce ta sa zukata suka yi sanyi.

To, amma wanda ya karanta tarihin ƙasar Hausa ya san cewa kakanninmu ba su taɓa yin fatauci a cikin kwanciyar hankali ba. Tarihin Kano ya ambaci buɗe hanyar Gwanja tun zamanin Sarki Abdullahi Burja, a ƙarni na 15, kuma a ƙarni na 19 wannan hanya ta zama jijiyar arzikin Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari. Ayari yakan tashi bayan kaka, da ɗaruruwan mutane ko dubbai, da jakuna da takarkarai da 'yan alaro. Madugu ne shugaba, jagaba yana gaba yana duba hanya da zango, uban dawaki yana kula da abin da za a biya sarakunan hanya, ga kuma malamin ayari wanda yake limanci, yake rubuta wasiƙu, yake raba gardama. Sukan ƙetare Kwara a wajen Yawuri ko Busa, su biya kuɗin fito, su ratsa Bargu inda 'yan fashi suke jiran wanda ya yi baya, su bi ta Zugu da Sansanin Mango da Yandi kafin su sauka Salaga, tafiyar watanni a ƙasa. A komowa kuma sai wahala ta ninka, gama goro kaya ne mai rai: duk 'yan kwanaki sai an sauke huhu an kwance, an zauna an tsince wanda ƙwaro ya shiga, an yayyafa ruwa, an sake ganye an ɗaure, domin ƙwaya ɗaya in ta ɓaci aka bar ta sai ta ja saura. Kuɗin da suke ciniki da shi, wato wuri, shi ma darajarsa ta yi ta zubewa a cikin ƙarni na 19 saboda yawan wanda Turawa suke jibgowa ta bakin teku, har ya zama jakin da ya ɗauko wuri yana iya cinye abin da ya ɗauko kafin a kai nesa. Ba zan ɓoye ba, a cikin abin da ake kaiwa kasuwar Salaga har da bayi, kuma wannan tabo ne da ba ma alfahari da shi. Abin da muke nema a wurinsu shi ne haƙuri da tadbiri.

Sa'an nan Salaga kanta ta faɗi. A 1874 Ingilishi suka ci Kumasi, ikon Asante a kan arewa ya raunana, hanyar goro ta karkata. A 1892 yaƙin basasa ya tashi a kan sarauta, garin ya watse. Da a ce fatake sun ɗaura arzikinsu ga gari ɗaya, da sun mutu tare da shi. Sai suka kwashi iyali da almajirai suka koma Kintamfo da Kete Karaci da Kumasi da Akra, suka kafa zango-zango waɗanda har gobe ana jin Hausa a cikinsu, kuma a Kete Karaci ne babban malamin nan haifaffen Kano, Alhaji Umaru, ya zauna yana limanci da karantarwa har ya rasu a 1934. A cikin zuriyar waɗannan fatake aka sami Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, wanda da ya ga tafiyar ƙasa ta tsufa sai ya shiga cikin na farko-farkon da suka ɗora goro a jirgin ruwa daga gaɓar Gwalkwas zuwa Ikko. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Turawa suna fatan auduga manoma kuwa suka zaɓi gyaɗa, sai ya juya ga gyaɗa ya zama babban mai saya wa kamfanin Neja. A 1929, shekarar da kasuwannin duniya suka durƙushe, shi ne ya kai wa sabon banki a Kano raƙuma 20 na kuɗin azurfa. Ya rasu a 1955 ana lissafa shi mafi dukiya a Afirka ta Yamma.

Akwai abu guda a cikin sha'anin waɗannan mutane wanda nake roƙon ku riƙe, domin a kansa dukan maganata ta tsaya, shi ne cewa ayarin Gwanja bai taɓa fita hannu wofi ba. Yakan tafi da kanwa, da baƙin Kura da sauran rinannun tufafi, da jima da takalma, da busasshiyar albasa, da dabbobi, ya sayar a zango-zango, ya komo da goro. Riba biyu ce, ta zuwa da ta dawowa, kuma in kuɗi ya lalace kaya ba su lalace tare da shi ba. Mu kuwa a zamaninmu, tun da man fetur ya shagaltar da mu, gyaɗa ta tafi bayan farin 1973 da cutar da ta biyo baya a 1975, masaƙun Kano da Kaduna suka rufe ɗaya bayan ɗaya, sai fataucinmu ya koma na ƙafa ɗaya: mu tara naira, mu saye dala, mu hau jirgi a filin Malam Aminu Kano, mu sauka Gwanzu ko Yiwu ko Dubai, mu cika kwantena da atamfa da shadda da takalma da wayoyi, mu dawo. Ban ce wannan haramun ne ba, kuma ban raina waɗanda suka gina gidaje da masallatai da shi ba. Abin da na ce shi ne mai wannan sana'a duk ranar da naira ta faɗi shi ya faɗi, alhali wanda ya fitar da amfanin gona ya karɓo dala, faɗuwar nan ba ta cin jarinsa, sau da yawa ma ƙara masa take yi.

Kuma Allah bai bar mu ba abin fitarwa. Riɗin da ake nomawa a Jigawa yana zuwa Japan da Turkiyya da Sin, ana tatsar mai ana yin abinci da shi. Zoɓon da muke shukawa a gefen gona don iyaka, mata su tsinke su shanya, shi ne mutanen Meziko suke saye tan-tan suna yin abin sha. Ga ƙaro, ga fatu da ƙiraga. Buhun da ya bar kasuwar Sara a bayan mota, ya sauka Dawanau, aka tace shi aka sake masa buhu aka ɗora a tirela zuwa Apapa, yana ratsa hannu biyar ko shida kafin ya ga teku, kuma kowane hannu da rabonsa, mafi ƙanƙantar rabo kuwa na wanda ya yi gumi a gona. A nan ne nake ganin ƙofar da ta dace da mutanen wannan yanki, kuma ita ce hujjata ta kyautata zato.

Sai dai ƙofa ce mai sharaɗi, sharaɗinta kuwa tsarkin kaya. Kowa a nan ya taɓa ganin yadda ake kaɗe riɗi a kan ƙasa tsirara, a share da tsintsiya a haɗa da yashi da tsakuwa a ɗura a buhu, wani ma da gangan yake ƙara ƙasa don sikeli ya yi nauyi, wani ya yayyafa wa zoɓo ruwa daren kasuwa, wani ya zuba wa wake maganin ƙwari irin wanda ba a yi shi don abinci ba. Mai yin haka yana ganin ya ci ribar kwano biyu, bai san cewa a can ƙetare akwai ɗakin gwaji da ba ya karɓar rantsuwa ba. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya saboda yawan guba da aka samu a cikinsa, Meziko ma ta taɓa dakatar da zoɓonmu na wasu shekaru saboda ƙwari, manoman da ba su ji ba ba su gani ba suka kwana da kayansu. Algus, wanda shari'a ta haramta tun ranar da Manzon Allah ya sa hannunsa cikin tarin abinci a kasuwar Madina ya ji danshi a ƙasa ya tsawata wa mai shi, yau ya zama abin da yake iya rufe wa ƙasa guda kasuwa. Tamfol ɗaya da za a shimfiɗa kafin a kaɗe riɗi ya fi laccata amfani.

Allah ya gafarta malamai, ku kuka fi ni sanin cewa Imamu Gazali, a cikin Ihya'u, inda ya yi magana a kan tsoro da fata, ya rarrabe tsakanin fata na gaskiya da ruɗin kai, ya buga misali da manomi: wanda ya nemi ƙasa mai kyau, ya zuba iri mai kyau, ya yi noma ya cire ciyawa, sa'an nan ya zauna yana jiran falalar Ubangiji, shi ne mai fata, wanda kuwa ya watsa iri a kan fako, ko bai shuka komai ba, yana jiran girbi, wannan wauta ce ko da ya kira ta tawakkali. Haka kuma a ƙissar Annabi Yusufu, wadda ƙissa ce ta shekarun fari da safarar neman abinci zuwa wata ƙasa, Annabi Yaƙubu ya haɗa wa 'ya'yansa abu biyu: ya umurce su da su rarrabu a kan ƙofofi dabam-dabam in za su shiga birni, wannan riƙo da sababi ke nan, kuma ya hana su yanke ƙauna daga rahamar Allah. Mutanenmu sun kasu biyu a yau, kowane kashi ya ɗauki rabi ya bar rabi. Akwai wanda ya ce ƙasa ta lalace, ya naɗe hannu, yana cin uwar kuɗi har ta ƙare. Akwai kuma wanda ya sayar da gonar gado, ya karɓi kuɗin marayu da na zawarawa, ya hau jirgi zuwa garin da bai san kowa ba, bai san harshensu ba, bai san kuɗin fiton kaya ba, yana cewa Allah na nan. Lalle Allah na nan, amma Sayyidina Umar, da ya ji labarin annoba a Sham yana kan hanya, juyawa ya yi da jama'arsa, kuma ba wanda ya fi shi sanin ƙaddara a cikinmu.

Daga cikin riƙo da sababi, babu abin da muka fi sakaci da shi kamar rubutu. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, a ƙarshen Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, amma sai ka ga alhaji ya miƙa wa yaronsa ko ƙaninsa miliyoyi a cikin leda, a zaure, ba takarda ba shaida, wai kunya. Ranar da kaya suka nutse ko canji ya juya, sai zumuncin shekara arba'in ya ƙare a gaban alƙali. Alhali malamanmu na Malikiyya sun gama wannan aiki tuntuni a babin ƙiradi, yana nan cikin Risala da Muhtasar da ake karantawa a zaurukan garin nan: mai dukiya ya ba da kuɗi tsaba, mai tafiya ya ba da ƙarfinsa, a yanka rabon riba tun farko, rabi ko sulusi, ba adadi ƙayyadadde ba, in hasara ta zo ba da sakaci ko ƙetare sharaɗi ba, a kan dukiya take, ma'aikaci ya yi hasarar wahalarsa, kuma yana da haƙƙin ci da tufafi daga cikin dukiyar gwargwadon al'ada in tafiyar mai nisa ce kuma jarin yana da kauri. A kan irin wannan tsari Manzon Allah ya tafi Sham da dukiyar Nana Hadiza tare da yaronta Maisara. Abin da zan ƙara, saboda halin da muke ciki, shi ne a rubuta a takardar da wane kuɗi za a yi lissafin uwar kuɗi, naira ko dala ko sefa, kuma a tuna cewa canjin kuɗi da kuɗi sharaɗinsa hannu da hannu ne, ba a yin sa bashi.

Game da tafiyar kanta, ba a fafe gora ranar tafiya. Fasfo da biza da katin allurar shawara a gama su da wuri, kuma kada a wuce kwanakin da aka ɗiba wa mutum, gama a Sin wannan laifi ne mai tara da tsarewa. Kuɗin da ya haura dala 10,000 doka ta ce a bayyana shi ga kwastan, mafi aminci ma a tura ta banki. Kada ka karɓi saƙon da ba ka buɗe ka gani ba, ko daga wa ya fito, kuma ka tsaya a kan jakarka har a auna ta a liƙa mata lamba, domin an sha ganin bayin Allah da aka saka musu ƙwaya a kaya, kuma a Saudiyya hukuncin wannan kisa ne. Ka nemi fatoma amintacce kafin ka tashi, kamar yadda fatake suke yi a kowane zango. Ka je masana'anta da ƙafarka ka ga kayan, ka tsaya a loda a gabanka, gama zuwa da kai ya fi saƙo, kuma samfurin da ake nunawa a waya ba kullum shi ake zubawa a kwantena ba. Sallarka kuwa kana da rangwamen ƙasaru a tafiyar da ta kai mil 48, har sai ka yi niyyar zaman kwana huɗu, saboda haka babu uzurin barinta a filin jirgi.

Kuma ba dole ne ƙetare ta zama Sin ba. Ga Maigatari nan a cikin jiharmu, ga Damagaram da Maraɗi, ga Kwatano da Lome da Akra, inda Hausa take ci kuma mutum yake da dangi a zango. Wanda ya koyi lissafin sefa da naira, ya san halin jami'an iyaka da jarin da in ya ɓace ba zai kwantar da gida ba, ya yi makarantar da za ta amfane shi ranar da zai yi nisa.

Ku samari, a nan kusa da ku, a Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu, Alhaji Aliko Ɗangote ya yi karatu, shi kuwa tattaɓa-kunnen Alhassan Ɗantata ne ta wajen uwa. Ya fara da shigo da shinkafa da sukari da siminti, daga baya ya koma yin sukari da siminti a gida, yana fitar da simintin. Ba na ce kowa zai zama shi ba, kuma ya tashi a gidan jari wanda mafi yawanku ba ku da irinsa. Na kawo shi ne don ku ga inda ya juya akalarsa, kuma ku san cewa falken yau yana bukatar Turanci da Larabci ko Faransanci, da lissafi, da iya karanta yarjejeniya, kamar yadda na jiya yake bukatar sanin rijiyoyin hanya.

Shawarar da zan ajiye a gaban iyayen ƙasa da shugabannin kasuwa ita ce, manoma riɗi da zoɓo na Farin Dutse da ƙauyukanta su haɗa ƙungiya guda mai rajista, da ma'aji da magatakarda da littafi, su yi ittifaƙi a kan shimfiɗa tamfol da hana yayyafi, su sa alamarsu a kan kowane buhu domin a san mai shi. A kakar farko su kai kayansu Dawanau da kansu, su zauna da masu fitarwa su ji irin tsabta da bushewar da ake nema. In an yi kaka biyu ko uku sunansu ya zauna, sai su nemi rajista a Hukumar Bunƙasa Fitar da Kayayyaki, da takardar shaidar lafiyar amfanin gona, su zaɓi mutum biyu daga cikin 'ya'yansu, ɗaya mai ilmin zamani ɗaya wanda ya san kaya, a rubuta musu ƙiradi a gaban liman da shaidu, su tafi su gana da masu saye. Malam mai gabatarwa ya yi mini ishara cewa la'asar ta gabato, kuma na ga alhazai na Sara suna da tambayoyi a kan lissafin canjin da na kawo, saboda haka zan tsaya a nan in saurare su.